Kuskuren Lamba Takwas

Hafsa da Umar, wannan babin naku ne, kuma na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta zuwana Dubai, na rubuta shekarun da na yi ina cika takardun kago, wato kayan da ake aikawa a jirgi, a wani ɗan ofis a Deira da digirina a ƙasan akwati, na rubuta yadda Ummanku ta biyo ni da ku bayan biza ta fito. Amma duk sanda na iso shekarar da Yayanku ya daina wasa, sai in tashi in dafa shayi. Abin da ya zaunar da ni yanzu shi ne maganar da Umar ya yi ranar Sallah muna cin abinci, lokacin da cokali ya suɓuce wa Yayanku ya faɗi ƙasa. Ka ce, kana dariya, ai dama hannun nan bai taɓa cafe komai ba, ƙwallo ma gagararsa ta yi. Kowa ya yi dariya, har shi. Ni ban yi ba. Ba da kai nake fushi ba, Umar, kana ƙaramin aji a firamare a lokacin, abin da ka taso ka ji shi ka maimaita. Amma ƙarya ce, kuma ni na bar ta ta zauna a gidan nan har ta zama abin barkwanci.

Bari in fara da wasan, don na san ba ku taɓa tsayawa kun fahimce shi ba. Bayan na bar Deira na samu aiki a ofishin wasanni na wata kwaleji mai zaman kanta can gefen gari, kuma albarkacin aikina aka ɗauki Yayanku karatu a can. Kwalejin tana da ƙungiyar besbol, suna gasa da wasu kwalejoji 'yan kaɗan. Mutum ɗaya ya jefa ƙwallo, ɗaya ya buge ta da sanda, ya ruga yana zaga tashoshi huɗu. In ya dawo inda ya fara, ya ci maki ɗaya. Masu tsaro tara ne. Shida suna kusa, inda 'yan kallo suke ganin fuskarsu. Uku kuma suna can nesa a bayan fili, ɗaya a hagu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a dama, kowanne da ƙatuwar safar fata a hannu, suna jiran ƙwallon da aka cilla sama. In suka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, mai bugu ya fita. In ta faɗi, duk wanda yake kan tasha sai ya kwasa da gudu. A takardar sakamako kowane matsayi yana da lambarsa, ta mai tsakiyar baya takwas ce. Nan Yayanku yake tsayawa, shi ya sa Koci, mai horar da su, bai taɓa kiransa da komai ba sai Takwas. Ni kuwa hakan ya yi mini sauƙi, tunda kun san bakina ba ya kama sunan ɗan fari.

Ni ne mai rubuta sakamakon. Ba don na iya wasan ba, sandar ma ban taɓa riƙewa ba. Koci, wani dogon Bature da ya yi wasan a ƙasarsu yana saurayi, ya lura ba na barin gurbi a takarda, sai ya miƙo mini littafin dokoki. Na karanta shi sau biyu da ƙamus a gefe, na ja layi a ƙarƙashin duk inda nake shakka, wanda kusan duk littafin ke nan. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya zo daga baya ya ce Baba bai san doka ba. Na san ta.

Zama a teburin rubuta sakamakon nan ne ya nuna mini rashin adalcin da ke cikin wasan, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Takardar tana da gida ga kowane bugu, gida ga kowane maki, gida ga kowane kuskure. Ba ta da gida ga mutumin da ya matsa taku goma zuwa hagu tun kafin a jefa ƙwallo, saboda ya lura mai bugun nan kullum can yake karkata. In ƙwallon ta zo ta same shi a tsaye ya cafe ko tsalle bai yi ba, sai 'yan kallo su ce ai mai sauƙi ce. Wanda ya makara, ya rugo ya faɗi da ciki ya cafe da ƙyar, shi ake yi wa tafi. Yayanku irin na farkon ne. Filin namu a buɗe yake, kuma bayan la'asar iskar teku takan juyo. Shi da kansa ya gano cewa tutocin da ke kan injinan ɗaga kaya na wani gini da ake yi a bayan katanga sun fi tutar filin faɗin gaskiya, domin suna can sama inda ƙwallon take bi. Tsakanin jifa da jifa za ka ga ya waiwaya ya dube su, sannan ya ɗaga hannu ya matsar da na hagu da na dama kamar mai ba da hannu a titi. In kuma ƙwallo ta zo masa ta ƙasa, jifarsa zuwa ciki ba ta kauce wa hannu, har 'yan sauran kwalejojin suka daina gigin ƙara tasha in ta nufi wajensa. Makin da ba a ci ba saboda tsoronsa, a wane gida zan rubuta shi? Ba na so in zuzuta, ɗana ne, wataƙila idon uba ne. Amma na taɓa ji da kunnena Koci yana gaya wa wani baƙo cewa bayan fili wurin ajiye wanda ba ka san inda za ka sa shi ba ne, duk mai ƙafa biyu zai iya. Yana faɗin haka ne a ranar da mai jifansa ya yi ta bayar da ƙwallaye ana cilla su sama, yaron nan yana tattare su ɗaya bayan ɗaya. Mai jifan aka ɗaga a kafaɗa da aka tashi.

Mutum ɗaya ne yake ganin abin da nake gani, Mumuni, mai kula da ciyawar filin, dattijo mutumin Zangon Kumasi, wanda kuka sani domin gininmu ɗaya a International City. Shi yake taya Yayanku atisaye ranar Juma'a da yamma a wurin ajiye motoci, yana cilla masa ƙwallo har tsayin hawa na uku.

Akwai wata ƙa'ida da dole ku gane. Masu tsaron baya biyu in suka bi ƙwallo guda, idonsu a sama yake, ba sa ganin juna. Saboda haka wanda zai kama shi yake ɗaga murya ya ce tasa ce, ɗayan ya kauce. In duk suka faɗa, maganar na tsakiya ce a sama, ko da shi ne ƙarami. A fili da Turanci suke faɗa, amma da Mumuni sai Yayanku ya mayar da ita Hausa. Wata Juma'a mun fito daga la'asar tare da wasu dattawa, sai ga muryarsa tana amsa kuwwa tsakanin gine-gine: tawa ce, tawa ce, tawa ce. Wani Alhaji mutumin Maraɗi ya tsaya ya kama haɓa.

"Malam Sani, me aka raba ne ba mu ji ba, yaronka yake ta ihun tasa ce?"

Suka yi dariya. Dariya ce kawai, na sani yanzu, ba wanda ya nufi komai. Amma ni a lokacin ji na yi kamar an ce ban iya tarbiyya ba, na kawo yaro ƙasar mutane ya lalace. Da ya hawo sama na tare shi a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba.

"Kai, ka ji kanka kuwa? A gaban dattawa kana ta tawa ce, tawa ce, sai ka ce rabon gado?"

"Baba, dokar wasan ce. In ban faɗa ba karo za mu yi."

"Na fi ka karanta dokar. Amma akwai wadda ta girme ta. In babba ya miƙa hannu ga abu, kai sai ka janye naka ka ce masa bismillah. Haka aka koya mini, haka zan koya maka."

Ummanku ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Malam, ƙwallo ce fa, ba ƙwaryar fura ba."

"Ban sa da ke ba."

Shi kuwa ya ce, "To, Baba." Kun san shi. Bai taɓa ce mini fiye da haka ba.

Ana saura sati biyu wasan ƙarshe Koci ya kira ni ofishinsa. Ya ce yana da aboki a wata kwaleji a ƙasarsu da zai karɓi 'yan wasa biyu gwaji a hutun bazara, wanda ya yi kyau ya zauna can ya ƙarasa karatu yana wasa. Gurbi ɗaya na mai jifa ne, an gama wannan. Na biyun yana tsakanin Yayanku da wani ƙaton yaro mai tsaron tashar farko, wanda ya iya bugu ƙwarai amma gudu sai a hankali.

"Zan gaya maka gaskiya, habibi," in ji shi. "Bugun Takwas matsakaici ne. Abu ɗaya zan iya nuna wa abokina a kansa, takardarsa ba kuskure ko ɗaya duk kakar wasan nan. In ta kai ƙarshe a haka, halas, magana ta ƙare, shi zai tafi."

Na yi godiya, na miƙe. Har na kai ƙofa ya ƙara da cewa, yana dariya:

"Ko da yake mai rubuta takardar babansa ne, ko ba haka ba?"

Ina ganin wasa yake yi. Kusan na tabbata wasa yake yi. Amma na ɗauki maganar nan na hau bas da ita, na ci abinci da ita, na yi sati biyu ina buɗe tsofaffin takardu ina duba ko akwai inda na yi wa ɗana sassauci ban sani ba. Ban samu ko ɗaya ba, kuma rashin samun bai kwantar mini da hankali ba. Ni baƙo ne mai biza a hannun kwaleji, baƙar fata ɗaya tilo a ofishin, kuma abu ɗaya da na mallaka a wurin shi ne ana cewa takardar Sani ba ta ƙarya.

Wasan ƙarshe ranar Asabar aka yi, a filinmu. Ummanku ta zo, zuwanta na farko ke nan, da gorar zoɓo da ku biyu a gefenta. Mai tsaron hagu shi ne kyaftin, Rizki, ɗan Indonesiya, ɗan ajin ƙarshe, ya girmi Yayanku da shekara uku, kuma shi yake jan su salla a masallacin kwaleji. Yayanku Ustaz yake ce masa. Wannan ne wasansa na ƙarshe a kwalejin, kowa ya san haka.

An kai zagayen ƙarshe muna gaba da maki biyu, abokan karawa ne suke bugu. An fitar da mutum biyu, saura ɗaya a tashi, amma akwai nasu a kan tashoshi uku. Sai mai bugu ya cilla ta sama, tsakanin hagu da tsakiya. Ba ta da wuya. Na ga Yayanku tun kafin a jefa ya riga ya matsa wajen, ya isa ƙarƙashinta da wuri, ya ɗaga safa. Rizki ma ya rugo daga nasa ɓangaren. Daga teburina ban ji abin da aka ce ba. Abin da na gani shi ne, a lokaci guda, Yayanku ya sauke hannu ya ja da baya taku ɗaya, Rizki ma ya taka birki ya kauce. Ƙwallon ta faɗi a kan ciyawa tsakaninsu, wurin da bai fi shimfiɗar dadduma ba. Kafin a ɗauko ta a jefo ciki, mutum ukun nan duk sun shige. Da namu suka karɓi sanda ba su rama ba, aka tashi an ci mu da maki ɗaya.

Ga abin da littafi ya ce, kuma na ja masa layi da hannuna. Ƙwallon da ta faɗi tsakanin mutum biyu saboda rashin fahimtar juna, ba wanda ya taɓa ta, ba a ɗora wa kowa ita a matsayin kuskure. Ana rubuta ta ne bugu mai kyau ga mai sanda. Matar da take rubuta wa ɗaya kwalejin tana zaune kusa da ni, haka ta rubuta a tata takardar ko tunani ba ta yi ba. Amma tawa ce ta hukuma, tunda filinmu ne. Fensirina yana kan gidan, sai na ga inuwar Koci a kan teburin.

"Me ka sa?"

Tambaya ce kawai. Ban ce ya matsa mini ba, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Amma na ɗago na ga fuskarsa, na tuna dariyar nan ta ofis, na ga kamar duk filin ni suke kallo su ga abin da uba zai yi. Na rubuta kuskure, na sa takwas.

Matar ta leƙo ta ce, "Ai ba wanda ya taɓa ta."

Na ce, "Yankinsa ne."

Ta ɗaga kafaɗa ta rufe littafinta.

Ina tattara takardu sai ga Mumuni ya taho daga bakin katanga, inda yake tsaye kusa da su lokacin da abin ya faru, hularsa a hannu.

"Ei, Massa! Ka san abin da yaron nan ya ce? Bismillah ya ce! Wallahi da ƙarfi, bismillah!"

A bayansa Rizki ne, idonsa ja. Ya gaishe ni da hannu biyu, ya ce in yafe masa. Ya ji Takwas ya ambaci sunan Allah, shi kuma a wurinsu wanda zai yi abu shi yake faɗin haka, don haka ya ɗauka ya ce zai kama, ya ba shi wuri. Bai taɓa sanin cewa a wurinmu kalmar tana nufin ga shi, ɗauki, na bar maka ba. Ta yaya zai sani? Yaro ya ga malaminsa na salla ya miƙo hannu ga ƙwallon ƙarshe ta wasansa na ƙarshe, ya yi abin da ubansa ya tsare shi a bakin ƙofa ya koya masa.

A tasi muka koma, rana ba ta faɗi ba. Yayanku ya bi motar 'yan wasa. Mun wuce Ras Al Khor kuna ta faɗa a kan gorar zoɓo. Sannan Ummanku ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Malam, Mumuni ya ce akwai abin da ake rubutawa. Me ka rubuta?"

Na faɗa mata.

"Dokar ce ta ce haka?"

"Abin yana da fuska biyu."

"Ban tambaye ka fuska ba. Dokar ce?"

"A'a."

"To ka goge."

"Ba haka ake yi ba, akwai tsari. Sai an rubuta wasiƙa, kuma sai an duba yadda mutane za su ɗauka."

"Da fensir ka rubuta, ina kallonka. Waɗanne mutane? Su wa za su ɗauka? Kai ka hana shi faɗin tasa ce, ya bi maganarka a gaban duniya, sannan ka ɗauki fensir ka ci shi tara a kan ya bi ta. Kunyar ɗan fari ce wannan? Ni ma ban taɓa kiran sunansa ba, amma ban taɓa yanka shi don a yaba mini ba."

Direban ɗan Pakistan ne, ba ya jin Hausa, amma ya rage rediyo.

Dokar gasar ta ba mai rubutu kwana ɗaya ya gyara hukuncinsa. Kwana ɗaya cur, har ƙarfe biyar na yammacin Lahadi, kuma a lokacin Lahadi ranar aiki ce. Ina so ku san yadda na kashe ranar nan, domin nan ne laifin da ya fi girma, ya fi na fensirin. Da fensirin a ruɗe nake. Ranar Lahadi kuwa na san komai. Na isa ofis bakwai da rabi. Na rubuta wasiƙar gyara, na karanta, na ga kamar ta yi zafi, na yaga. Na rubuta ta biyu, na ga kamar tana nuna ban san aikina ba, na yaga. Na buga wa sakataren gasar waya na tambaye shi, wai a misali, in wani mai rubutu yana da dangantaka da ɗan wasa, yaya ake kallon gyara. Ya ce ba ruwansu, in daidai ne daidai ne. Maimakon in tashi, sai na sake buɗe littafin dokoki in tabbatar da abin da na riga na tabbatar. Sau biyu na je ƙofar Koci, na ji yana waya, na dawo. Na yi azahar. Na yi la'asar. Sai wajen ƙarfe huɗu na aika wasiƙar, na ƙwanƙwasa masa ƙofa da kwafinta a hannu.

Ya karanta a tsaye.

"Oh, Sani. Tun ƙarfe goma na aika wa abokina sunayen da takardun. Ya ma amsa."

Na bi takardar da ke hannunsa da kallo.

"Ni ma na yi mamaki jiya," in ji shi. "Da ni ne, bugu zan sa. Amma na ce kai ka fi ni sanin littafi."

A duk shekarun da na yi a kwalejin nan, sau ɗaya na ɗaga murya, ranar ce. Na ce masa ashe ya san ba kuskure ba ne. Na ce ya san wanda ya riƙe masa bayan filin nan duk kakar, ya san wasa nawa mai jifansa zai zubar ba don yaron nan ba, kuma bai buƙaci fensirina ya gaya masa ba. Na ce yana da ido, yana da waya, abokinsa ne, zai iya kira ya gyara a minti biyu. Ina jin har na haɗa da Hausa a ciki.

Ya dafa kafaɗata.

"Abokina takarda yake karantawa, habibi. Kuma gaskiya mai bugu yake so. Masu tsaron baya suna da yawa a can. Shuwayya shuwayya, a bi a hankali, akwai baɗi."

Babu baɗi. Kafin sabuwar shekarar karatu Koci ya samu aiki a wata ƙasa, kwalejin ta rushe ƙungiyar, aka shimfiɗa wa filin kwalta. Mumuni aka mayar da shi shayar da furannin bakin get. Ƙaton yaron ya tafi, na ji ya yi wata biyu ya dawo. Ban ce da Yayanku ne ya tafi da ya zauna ba, Allah ne masani, mai yiwuwa shi ma ya dawo. Amma da ya dawo da ƙafarsa, bayan an gwada shi an gani. Wannan gwajin ne na hana shi, kuma har yau ina fushi da Koci, ina fushi da takardar da ba ta san aikin mutum ba sai ranar da ya faɗi, amma in na gama zagayen nan kaina nake dawowa.

Ku kuwa da kuka yi ta tambaya me ya sa Yaya ba zai hau jirgi ba, shi ne ya ce muku ƙwallo ce ta gagare shi. Ina zaune a falo ya faɗa. Ummanku ta dube ni, tana jira. Na ci gaba da karanta jarida.

Sakataren gasar ya amince da gyaran. Takardar ta iso ofis bayan sati uku, da hatimi, an soke kuskuren, gidan Takwas ya koma fari tas daga farkon kaka har ƙarshenta. Na sa ta a ambulan, na riƙe ta a ƙirji a cikin bas don kada ta lanƙwashe. Na same shi a teburin cin abinci yana karatun jarrabawa. Na daɗe a tsaye a bayansa ina shirya abin da zan ce, har na shirya jimla uku, amma da ya waiwayo sai kawai na ajiye ambulan ɗin a kan littafinsa.

Ya buɗe. Ya karanta har ƙasa, har sa hannun sakataren, a hankali, yadda nake karanta takarda. Sannan ya ninke ta yadda take, ya mayar, ya miƙo mini da hannu biyu. Ba fushi a fuskarsa, da akwai da na fi samun sauƙi.

"An gode, Baba," ya ce. "Amma wa zan nuna wa?"

Na karɓi ambulan ɗin, kuma bai sake tambaya ba. Yanzu yana da 'ya'yansa, yana da shagonsa na kayan mota, yana zuwa duk Juma'a ya durƙusa ya gaishe ni, kuma tun daga ranar bai ƙara gayyatata in zo in kalli wani abu nasa ba. Ranar da ya buɗe shagon, daga bakin Mumuni na ji.